Ƙafar Baba a Ƙofar Mai Ɗinki

Muna isa shagon mai ɗinki Baba ya zube kan benci ya riƙe ƙafa.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. "Kes ɗin ya zama siriyos."

Yaya bai karanta likitanci ba. Agogo mai ƙirga taku ya saya da farin gilashi, shi ke nan ya zama farfesan gidanmu.

Baba na da cutar Fakinsin. Da ya ɗan yi tafiya sai yatsun ƙafarsa su murɗe. Likita ta ce ya riƙa shan maganinsa kafin fita motsa jiki, kuma ni nake ba shi da hannuna. Ko'ina murɗewar ta yi sauƙi, ban da ƙofar shagon nan.

Yaya ya durƙusa yana latsa ƙafar. "Ji yadda jijiya ta ƙage. Magani ya yi felin. Daga gobe ba fita."

Baba ya yi min kallon a cece ni. Tun rasuwar Mama, fitar nan kaɗai ke sa shi fesa turare.

Mai ɗinki ta kawo ruwa a kofin baƙi, ta sunkuya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Alhaji, ɗayar ce mai ciwon."

Baba ya sauya ƙafa a hankali.

Yaya ya cire gilashi. "Ciwon ya yi taransifa a gabana. Dole mu riƙa kawo shi nan kullum, in yi risac."