Maƙiyin Tijani a Gajimare

Injin da Tijani ya kafa da hantsi bai kai azahar ba. Ya duba allon ordinater, wato kwamfuta, babu shi babu dalilinsa.

Ba inji ba ne na ƙarfe da ɓarawo zai saɓa a kafaɗa. Na haya ne, a can cikin abin da masu sana'ar ke kira gajimare. A kan irin waɗannan injuna shafin intanet na buron Hajiya Gwamma, ofishinta na Tamanrasset, yake zaune, inda masu yawon buɗe ido ke kama wurin zuwa dutsen Assekrem. Mutanen Tamanrasset ruwan sama ma sai sun roƙa, amma ga ɗan Maraɗi yana cin tuwonsa a gajimare.

Tijani tsohon magini ne, shi ya sa bara ya yi aikin irin na magina. Ya rubuta zane: inji kaza, ƙofa kaza, rumbun ajiya kaza. Ka miƙa wa gajimare zanen, ya gina maka. Kafin ya tafi gida bikin ƙanensa ya ɗaure komai tamau, yana cika baki cewa ko aljani bai isa ya ƙara bulo ɗaya a gininsa ba. Tun daga nan bai sake buɗe zanen ba, tunda babu abin da ya lalace.

Yanzu lokacin baƙi ya zo, shafi sai nishi yake. Gyaran zane dogon aiki ne, sai ya ƙara inji da hannu. Aka share. Ya ƙara wani, aka share, kuma tsaf, ba a taɓa tsofaffin ba. Mai sharar bai bar suna ba, sai wata doguwar lamba.

Ya sauya kod ɗin shiga. Ya rataya laya a akwatin rezo, mai kawo intanet. Ran Juma'a ya kafa inji dab da huɗuba, don kowane Musulmi na masallaci a lokacin. Ya dawo ya tarar da wayam.

"Tijani, baƙina sun koma wurin maƙwabta," in ji Hajiya. "In shafin ga ya sake faɗuwa, ka koma ɗaukar siminti."

Tsoro ya kama shi, don bayansa bai manta buhun siminti ba. Wa ke ganin yatsunsa in yana buga kod? Mutum ɗaya ne: Issa, direban buron, abokin ɗakinsa, mai dafa shayi a bayansa kullum.

"Ni?" in ji Issa. "Ni da ko lambar uwata sai an sa mini a salula? Kuma sahu guda munka yi Juma'a!"

"Hannunka na aljihu," in ji Tijani. "Haka manyan ke yi."

Zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai, gishirin da suka ci tare ba kaɗan ba ne. Amma ciki ba ya san abota. Ya rubuta wa gajimare umarni: nemo mai wannan lamba, ka kore shi, ka rushe duk abin da ya mallaka. Allo ya fito da suna, yana tambaya ko ya tabbata. Tijani ya kawar da kai, ba ya son ganin sunan abokinsa da idonsa. Ya danna.

Injuna suka ɓace. Rumbu ya ɓace, da sunayen baƙin bana gaba ɗaya. Daga ɗakin gaba aka ji salatin Hajiya.

Issa ya ajiye butar shayi, ya leƙa allon, ya haɗa haruffan a hankali da ɗan bokon da ya yi a lekkol.

"Abokina, wanga da anka kora ai sunanka gare shi."

Ashe mai sharar zanen bara ne, yana aiki da sunan maginin da ya hore shi ya rushe duk bulon da ba a rubuta ba, kuma bai taɓa saɓa masa ba ko sau ɗaya.