Bokitin Mai Lambu

Malam Isiyaku, na ga ka jingine sandarka a zaure ka tako da ƙafa, wata uku kacal da yi maka aiki. Zauna ka ji abin da ya sami wani mai lambu a fadamar garinmu. Ƙugunsa na dama ya cinye har ya kai sai an kama shi yake tashi. 'Ya'yansa suka kai shi birni, aka cire kan ƙashin da ya lalace, aka sa masa na ƙarfe mai doguwar jela da aka soka cikin ƙashin cinya. Ranar sallama likita ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce idan mutum na tsaye, ƙafa biyu ke raba nauyinsa, amma da ya ɗaga ɗaya zai yi taku, ɗayar ce ke ɗauke da shi duka, ga kuma naman ƙugu yana ja da ƙarfi don kada jiki ya karkace. A wannan ɗan lokacin, abin da ke sauka kan ƙarfen ya kusa nauyin mutum uku. Ya ce ya riƙe sanda a hannun hagu, wato ɓangaren ƙafar lafiya, in kuma dole ya ɗauki wani abu, to mara nauyi, a hannun dama, manne da jiki. Mai lambu ya gyaɗa kai. Cikin duk bayanin abu guda ya riƙe, cewa an hana shi ɗaukar kaya. Wannan kuwa ya kiyaye shi da gaske. Bai sake taɓa buhu ba, ko kwandon tumatir sai ya nemi mai ɗora wa jaki. Sai dai albasa ba ta san an yi wa mai ita aiki ba. Da rani ya kama, ya samo ɗan bokiti wanda bai kai rabin tulu ba, ya riƙa gangarawa rafi yana ɗebowa. Sandar ya mayar dama, don a ganinsa ƙafar da ke ciwo ita ke son maƙwabci, bokitin kuma ya koma hagu yana rinjayar jiki. Matarsa ta tuna masa ba haka aka ce ba. Ya ce mata ƙarfe ne a jikinsa, ɗan ruwan da bai isa wankan jariri ba me zai yi masa.

Ƙarfen kuwa bai taɓa yi masa ciwo ba, don ƙarfe ba ya jin komai. Ƙashin da ke riƙe da shi ne ke shan wahala a ɓoye. Rani na huɗu ya fara jin tsami a cinya duk lokacin da ya miƙe, in ya ɗan taka sai ya lafa, bai faɗa wa kowa ba. Matar ce ta lura ƙafar wandonsa ta dama ta soma jan ƙasa, alamar ƙafar ta fara gajarta. Wata safiya yana hawowa daga rafi, bai yi tuntuɓe ba, ba abin da ya buge shi, sai ya ji ƙas a cinya, ya zube. Da aka kai shi asibiti, hoto ya nuna jelar ƙarfen ta daɗe tana girgiza a cikin ƙashi kamar ruwan fartanya a tsohuwar ƙota, ta rarake shi har ya zama ɓawo, ga shi ya tsage. Yana kwance ya ce wa likitan, “Wallahi ban taɓa ɗaukar kaya ba tun da kuka sallame ni.” Likitan ya tambaye shi sawu nawa yake yi zuwa rafi a yini. Matar ce ta amsa cewa yakan yi sittin. Aka sake buɗe shi, amma ƙashin da ya rage bai isa ya riƙe sabon ƙarfe da kyau ba. Bai ƙara taka fadama ba. Shekara biyu ya yi a kan tabarma, ana juya shi saboda gyambo, lambun ya koma ciyawa, a haka ya rasu. Hausawa dai sun ce, yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.