Numfashin Baba Tanimu

Tun da aka kafa dokar hana yanke wutar duk layin da ke da majinyaci a kan injin numfashi, gidan Baba Tanimu bai sake rabuwa da 'yan dubiya ba. Gida arba'in ne a layin, kuma shekara biyu ke nan babu mai biyan kuɗin wuta.

Hansatu, 'yarsa, ta gaji da shimfiɗa tabarma. Yau ma tana cikin shara sai ga Hajiya Lantana mai sayar da ƙanƙara, riƙe da kwanon farfesu.

"Sannu, 'yar nan. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya. Likita ma ya ce ranar Asabar za a raba shi da injin."

Hajiya ta dire kwanon. "Asabar ɗin nan? Kai, likitocin yanzu da gaggawa suke! Firji uku gare ni maƙil. Bari mai unguwa ya lallashi likitan, a kai ko bayan zafi ne."

"Haba Hajiya! Ubana ne fa, ba taransifoma ba!"

"Wa ya musa? Ai uban kowa ne."

Ta leƙa ɗakin, ta kasa kunne ga ƙugin injin, ta gyaɗa kai, ta fice ba ta ko dubi tsohon ba.

Hansatu ta ja tsaki. Baba Tanimu ya janye robar hancinsa a hankali.

"Hansatu, yaushe rabon da wani ya ce mini Allah ya ƙara sauƙi?"

Tana nan tsaye tana ƙoƙarin tuna ranar har farfesun ya huce.