Hawayen Ayu

Ranar da aka kai Wiryo gidan namun daji ce ta lalata masa abin da ya rage na rayuwarsa.

Tumini, yayar marigayiya matarsa Lasmini, ita ta ja shi, wai ya sha iska ya bar littattafai su huta. Suka tsaya gaban gilashin ayu. Dabbar na kiwon ciyawa a ƙasan ruwa ita kaɗai.

"Ga wani gwauron," in ji Wiryo. "Shi ya huta da 'yan gaisuwa."

Tumini ba ta yi dariya ba. "Bakin nan naka! Ka san da hawayen dabbar nan Lasmini ta mallake ka?"

"Yaya, rana ta taɓa ki."

"Wallahi. Ni na raka ta wurin wani masuncin tsibirin Madura ta sayo. Zuwanka gidanmu na farko ta ɗiga maka a gahawa. Har a gadon asibiti kuka take yi, wai ba ka taɓa sonta da hankalinka ba, asiri ne ya ɗaure ka."

Wiryo ya dafa gilashin. Ya tuna gahawar nan sarai. Cikinsa ba ya ɗaukar gahawa, kunya kuma ta hana shi faɗa wa yarinyar da ya daɗe yana mutuwar sonta. Tana juya baya ya tuttular a tukunyar fure.

Ayun ya matso, ya zuba masa ido.

"Lasmini," ya ce a hankali, "ban sha ba."