Tokar Nicanor

A ƙofar filin ƙwallon ƙungiyar Deportivo Saladero 'yan sanda na ƙwace har kwalbar ruwa, amma da dattijuwa Doña Herminia ta iso cikin baƙaƙen kayan takaba, rungume da ɗan tulun ƙarfe, sai mai binciken ya janye hannunsa. Irin tulun da ake zuba tokar mamaci ne, a jikinsa an zana sunan mijinta: Nicanor Ledesma.

Cacho, shugaban masu gangar magoya baya, ya cire hula. "Wayyo, tsohon namu! Doña, ko aike babu?"

"Tun da muka koma bayan gari, wa ya leƙo mu?" in ji ta. Sai da ya maimaita ta'aziyyar ta kunnen dama, don na hagun ya daɗe da daina ji.

Nicanor fa ba ƙaramin mutum ba ne a nan. Rabin rayuwarsa shi ke dukan babbar ganga, kuma duk Lahadin da Saladero ta sha kashi, maƙwabta kan ji dawowarsa gida daga ihun matarsa. Ya sha faɗa cewa in ya mutu a ƙone gawarsa a watsa tokar a kan ciyawar nan, kamar yadda ake yi wa masoya na gaske.

Sai dai bana hukumar ƙwallo ta gaji da halin magoya bayan Saladero. An ci ƙungiyar tarar kuɗi, an rufe filin, sannan aka buɗe da gargaɗin ƙarshe: ko murfin kwalba ya faɗo daga wajen 'yan kallo, za a zabtare maki. Saladero kuwa ƙiris ya rage ta faɗa rukunin ƙasa.

"Bari a tashi, doña, ni da kaina zan shigar da ke," in ji Cacho. "Yau ko tari ba ma so." Ya ajiye ta a sahun gaba, inda shingen ya fi gajarta.

Saladero na gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, sai Herminia ta miƙe. Da hannu biyu ta wurga tulun. Ya sauka a ƙeyar mataimakin alƙalin wasa, toka ta turnuƙe, jini ya biyo wuya. Nan take aka dakatar da wasan.

Ganga ta yi tsit. Dattawa na kuka kamar yara. "Kin kashe mu, tsohuwar banza!" Cacho ya daka mata tsawa. Mace mai takaba ba ta dakuwa, don haka filin gaba ɗaya ya koma tsine wa sunan da ke jikin tulun, rediyo na kai zagin gida-gida.

'Yan sanda suka ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, suka sallame ta. A bas ta yi barci mai daɗi, irin wanda ba ta taɓa samu ranar Lahadi ba.

Da ta isa gida ta tura ƙofa ta rataye gyalenta. "Gangarka ce na ƙona," in ji ta. "Ka ji yadda suke kiran sunanka?"

Nicanor na nan inda ta bar shi, cikin keken guragun da shanyewar jiki ta dasa shi, rediyo a jikin kunnensa, hawaye na bin bakin da ba ya iya ce mata komai.