Darbejiyar Da Aka Bari Da Rabin Yanka

Ka gan ta. Kada ka ce ba ka gan ta ba. Ka bi ta gindin bishiyar da aka yi wa rabin yanka aka tafi aka bari, ka ɗaga kai, ka ce "Allah ya kiyaye," ka ƙara sauri. To tsaya ka ji abin da wannan saurin naka yake haifarwa.

Wani dattijo mai gyaran takalma ya tsufa a gindin wata darbejiya da ke bakin titi. Nan akwatinsa yake, nan bencinsa, nan matarsa take kawo masa abincin rana. Kowa a layin Baba yake kiransa.

Saiwar bishiyar ta fara tsaga katangar gidan da ke bayanta, sai mai gidan ya kira wani mai injin zarto da ake wa laƙabi da Guguwa. Ya zo ba igiya, ba hular kwano, sai inji a kafaɗa da cika baki. Ya yanka mata baki ta gefen titi, inda yake so ta kwanta. Ya zagaya baya ya kafa zarto, garin katako na tashi. Ya ci fiye da rabin gindin ke nan sai sarƙar injin ta tsinke, fat! Tsohuwar sarƙa ce da ta sha gyara har ta gaji.

Guguwa ya yi tsaki, ya saɓa injinsa.

"Ɗana, ina za ka?" in ji Baba. "Haka za ka bar ta?"

"Baba, da haƙori zan ƙarasa? Bari in samo sarƙa. Gobe ma rana ce."

"To ka ɗaure ta da igiya mana, ko ka tare hanya."

Guguwa ya yi dariya. "Bishiyar da ta girmi ubana? Wallahi ko ni na roƙe ta ba za ta faɗi ba. Kai dai ji da takalmanka."

Goben Guguwa ba ta zo ba. Ya samu aiki a daji, wayarsa a kashe.

Duk sa'ad da iska ta kaɗa, Baba yana jin gindin yana ƙara, ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa. Ya zura allurarsa a cikin tsagar, ta shige har ƙarshe. Ya tashi ya buga wa mai gidan ƙofa.

"Alhaji, wannan abu fa tarko ne."

"Ni na kira mai aiki, ya gudu. Me kake so in yi, in rungume ta?"

Ya je wurin wani mai shago da ke kusa da bishiyar. Mai shago ya ce aikin hukuma ne. Ya je wurin matasan da ke zaman benci, ya ce su taimaka a jera duwatsu a tare wurin. Ɗaya ya ce, "Baba ya fara tsoron mutuwa!" Suka tuntsire da dariya. Wani dattijo ɗan'uwansa ya dafa shi ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa, to kowa ya yi ta kansa. Da safe ya kwashi akwatinsa da bencinsa ya koma tsallaken titi, jikin wata katanga, cikin rana. Ya tsira da ransa, ya kuma ja bakinsa ya tsuke. Duwatsun da ya roƙi matasa su jera, shi ma bai ɗauki ko ɗaya ba. Takaici ya hana shi ko gaya wa matarsa ya canza wuri.

Da rana ta take, matar tasa ta yi abin da ta saba. Ta zo da kwano a hannu, ta tsaya a inuwar darbejiya, tana waige-waige.

"Ina kuma wannan tsohon ya shiga?" ta tambayi mai shago. "Ko ya yi arziki ne ya daina cin abincina?"

Baba ya hango ta daga tsallake. Ya miƙe. A daidai lokacin iska ta taso.

"Uwar yara! Matsa! Matsa daga nan!"

Ƙarar motoci ta cinye muryarsa. Ta gan shi yana ɗaga hannu, ta ɗaga masa kwanon tana murmushi. Gindin ya yi ƙara ta ƙarshe. Bishiyar ta kifo, wani babban reshe ya danne matar.

Sai ga layin ya cika. Matasan da suka yi dariya su ne suka ɗaga reshen. Mai shago ya kawo igiya sabuwa fil, ashe tana rataye a shagonsa tun farko. Mai gidan ya ba da mota. Kowa ya zama jarumi, ihu bayan hari.

Ta rayu, amma ƙashin bayanta ya karye. Likita ya ce ba za ta sake takawa ba. Yanzu Baba ne yake ɗaga ta, yake kwantar da ita, yake kai mata kwano. Takalmanta suna nan a bakin ƙofa, waɗanda ya ɗinke da hannunsa. Ba ya iya kallonsu.

Kada wani ya ce mini ƙaddara ce kawai. Mai zarton da ya bar rabin yanka ya haƙa rami. Wanda ya gani ya kauce ya yi shiru, shi ya rufe ramin da ganye. Tsira kai kaɗai ba tsira ba ce, don ba ka san wa zai tsaya a inuwar da ka gudu ka bari ba.

Akwai irin wannan bishiyar a layinku, ko reshe mai lilo a kan hanyar makaranta. Ka san ta. Tashi yau ka tare wurin da hannunka, ka gaya wa kowa, ka tsaya a kan mai ita da hukuma har sai an kwantar da ita ƙasa. Yau, ba goben Guguwa ba.