Masallacin da Ba Kowa

Jiniya ta fara kuka ana tsakar sallar Azahar. Bututu ya fashe a ɗakin ƙasa, inda ruwan madatsa ke juya injinan wuta.

Ni na zana ginin ma'aikatan nan, har da masallacinsu a can sama. Rufin kwano na sa masa. Da rana sai ya zama tanda, don haka suka koma yin salla a gefen injina, inda ke da sanyi. Tun bara aka gaya mini, na ce za mu duba.

Shugaban aiki ya ƙirga waɗanda suka fito. Saura mutum ɗaya: tsohon makanike, mutumin Bawku, wanda ƙarar injina ta cinye wa kunne.

"Injiniya, in ba mu rufe ƙofar ƙarfen nan ba, ruwa zai ci ginin duka," in ji shugaban aikin.

Na leƙa matakala. Takalman aikin tsohon na roba suna juyawa a kan ruwa, ɗaya na bin ɗaya.

"Baba!"

Ruwa kawai ya amsa. Aka rufe, na ji ƙarar sakata har cikin haƙorana.

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni masallacin sama ba. Ga tsohon zaune shi kaɗai, silifansa a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf.

"'Yata, lafiya? Ai kullum nan nake salla. Kin sha wahalar zana shi, bai kamata a bar miki shi ba kowa ba."